MUSSA MAI GADIN RUMBU: ABIN DA LIKITOCIN BISASHE SUNKA GANO



Kwanan baya na ziyarci wata cibiyar yaƙi da jahilci a wani ƙauye na yankin Malbaza. Da anka gama darasin lissafi, sai hira ta ɓarke. Wani magidanci ya ce mussarshi ta mutu. Ta yi kwana biyu ba ta cin abinci. Ya ji tausayinta, ya daka ƙwayar parasitamol guda ya ɗura mata. Da gari ya waye fuskarta ta kumbura. Kafin dare ta mutu.

Na ce mishi: "Da ka sani, da ka tambayi likitan bisashe."

Sai aji duka ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce: "Malam, saniya muna kai ta, raƙumi muna kai shi. Amma mussa? Wa ya taɓa ganin likitan mussa?"

Na ce: "Baba, akwai shi. Zan kawo muku amsa cikin jarida." To, ga amsar.

DA GASKE AKWAI LIKITAN MUSSA?

Akwai. Likitan da ke duba shanunku, shi ne kuma likitan mussa da kare. A makarantar likitocin bisashe ta Dakar, wadda anka buɗe a 1968, inda ƴan Nijar da yawa sunka yi karatu, ana koyar da cututtukan mussa kamar yadda ake koyar da na shanu. Haka ma a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, nan kusa da mu, da jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Kada ku ce aikin marasa aikin yi ne. Mussa, wadda mutanen Kano ke ce ma kyanwa ko mage, ma'aikaciya ce. Binciken da anka buga a 2007 ya nuna mussoshin gida na duniya duka jikokin mussar daji ne, irin wadda ke cikin dazuzzukan Afirka da na ƙasashen Gabas. Mutum ya fara noma, ya tara hatsi. Kusu ya biyo hatsi. Mussa ta biyo kusu. Ashe rumbu ne ya haɗa mu da ita. A tsibirin Ƙubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, an iske mutum da mussa kwance kusa da juna. Kuma kowa ya ji sunan sahabin nan Abu Huraira. Ma'anar laƙabin nashi ita ce mai ƴar mussa.

Amma ku duba inda mussa ke shiga. Tana shiga rumbu. Tana kwana bisa tabarma. Tana hawa cinyar yaro. Tana shiga garken tumaki. Saniya ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗanga. Shi ya sa ciwon mussa ciwon gida ne. Cututtuka biyu nata sun fi shafarmu.

CUTA TA FARKO: HAUKAN KARE

Sunan ne ke ruɗin mutane. Ba kare kaɗai take kamawa ba. Tana kama mussa, da jaki, da saniya, da raƙumi, da akuya, da dila, da mutum.

Wata ƙwaya ce ke kawo ta, ƙanƙanuwa ƙwarai, ana ce mata birus. Tana cikin miyau na dabbar da ta kamu. In dabbar ta ciji mutum, ƙwayar ba ta bin jini. Jijiya take bi, sannu sannu, kamar mai tafiyar ƙasa, har ta kai ga ƙwaƙwalwa. Tafiyar takan ɗauki wata biyu ko uku. Wani lokaci mako guda ne, wani lokaci har shekara. Cizon fuska ko na wuya ya fi saurin kaiwa, don hanyar gajera ce.

Ga abin da nike so kowa ya riƙe. Muddin ƙwayar tana bisa hanya, ana iya tare ta. In ta kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya fara tsoron ruwa, ya kasa haɗiye miyau, to magana ta ƙare. Babu magani a Ƙonni, babu a Yamai, babu a Paris.

Wanda ya fara tare ta shi ne Luwi Pastar, wani masani Bafaranshe. Ran 6 ga watan Yuli 1885 anka kawo mishi wani yaro ɗan shekara 9, Jozef Maista, wanda mahaukacin kare ya yi ma kaca-kaca. Pastar ya sa anka yi mishi allurar da ya gwada bisa karnuka. Yaron ya rayu har ya manyanta. Allurar yanzu ta fi waccan kyau nesa ba kusa ba. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutum wajen 59,000 ne ke mutuwa da wagga cuta kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Gaskiya ne, a ƙasashenmu kare ne babban mai yaɗa ta. Kusan duk wanda ya mutu, kare ne ya cije shi. Mussa ma galibi daga kare take samu, in sun yi faɗa da dare. Amma ku ji abin da ya faru a Amurka. Can an dage da yi ma karnuka allura, har irin haukan da karnuka ke yaɗawa tsakaninsu ya ɓace. Sai ga shi cikin dabbobin gida, mussa ce aka fi samu da cutar, tana ɗauko ta daga namun daji. An tuna da kare, an manta da mussa.

Kuma cizon mussa shi ne aka fi rainawa. Yaron da kare ya ciza zai sheƙo gida da kuka. Yaron da mussa ta yaƙusa zai share jinin da riga ya ci gaba da wasa. Alhali mussa kullum tana lasar ƙafafunta, saboda haka akwai miyau bisa akaifarta.

Ƙaƙa ake gane mussar da ta kamu? Halinta ne ke sakewa. Wadda kunka sani kamar kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, sai ta ɓuya cikin duhu, ta faɗa ma mutum ba dalili. Muryarta ta dushe. Miyau shina zuba. Daga baya ƙafafun baya su mutu, ta riƙa jan gindi. Wata kuma ba ta faɗa, sai dai ta yi laƙwas. In kun ga haka, kada kowa ya kama ta da hannu. A kife ta da kwando ko a rufe ɗakin, a kore yara, a aika a kira likitan bisashe.

In mussa ko kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi har fata ta tsage, ga abin yi:

1. A wanke wurin nan take da sabuni da ruwa mai yawa, har minti 15. Minti 15 ba ƴar ɗauraya ba ce. A duba agogon salula. Sabuni shina lalata ƙwayar.

2. In akwai alkol ko ruwan aidin, a zuba. Kada a sa toka, ko tonka, ko ƙasa, ko gashin dabbar. Kada a ɗaure ciwon tamau.

3. A tafi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Ba kowane gidan likita ke da allurar ba, amma za a gaya muku inda za ku. Ana yin ta sau uku ko huɗu, ranaku daban daban. A cika ta duka. Wanda cizon nashi ya yi zurfi, akwai wata allura ta biyu da ake yi cikin ciwon kanshi. Mai ciki da jariri duk ana yi musu.

4. In dabbar ta gida ce, kada a yi gaggawar kashe ta. A tsare ta, a ba ta abinci da ruwa, likitan bisashe ya sa mata ido kwana 10 zuwa 15. Dabbar da cutar ta kai ga miyaunta ba ta wuce waɗanga kwanaki da rai. Amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. A fara, likita shi ne zai ce a tsaya.

5. In ta mutu ko an kashe ta, kada a fasa kan. Cikin ƙwaƙwalwa ake ganin cutar. Likita zai ɗauki kan ya aika ɗakin binciken bisashe na ƙasa, LABOCEL, da ke Yamai.

Ko mussar lafiyarta lau, cizonta na buƙatar likita. Haƙoranta kamar allura suke. Suna shiga da zurfi, bakin ciwon ya rufe, ƙazanta ta zauna ciki. Hannu kan kumbura cikin kwana guda.

Rigakafi ya fi magani. Akwai allurar rigakafin hauka ta mussa da kare. Ana fara ta in dabba ta kai wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya faɗa. Wani zai ce wanga sai Turai. A'a. A Njamena, babban birnin Cadi, a 2012 da 2013, an bi unguwa unguwa an yi ma karnuka allura kyauta, fiye da 7 cikin kowane 10. Cutar ta lafa cikin birnin na tsawon watanni. Ta dawo ne daga baya, ta hanyar karnukan da anka shigo da su daga waje. Mutanen Njamena ba su fi mu komi ba. Ran 28 ga Satumba na kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Ku tambayi ma'aikatar kiwo ko za a yi allura kusa da ku, kuma in za ku kai kare, ku haɗa da mussa.

CUTA TA BIYU: WADDA KE ƁOYE CIKIN KASHIN MUSSA

Wagga ba ta da sunan Hausa, don ba a ganin ta. Likitoci na ce mata toksopilasma. Labarin gano ta ya ɗauki shekara fiye da 60, kuma shina da daɗin ji.

A 1908, a birnin Tunis, masana biyu, Sharl Nikol da Luwi Manso, suna binciken wata cuta daban. Sunka duba naman wata ƴar dabbar duwatsu, gundi, mai kama da gafiya amma gajerar wutsiya gare ta. Cikin madubin likita sunka ga wata ƙwaya lanƙwasassa kamar jinjirin wata. A shekarar nan kuma wani likita a Birazil ya ga irinta cikin zomo. Ba wanda ya damu ƙwarai.

A 1939 likitoci a birnin Niyu Yok sunka same ta cikin ƙwaƙwalwar wani jariri da ya mutu. Bayan 1950 likitocin bisashe na ƙasar Niyu Zilan, ƙasar tumaki, sunka gano ita ce ke sa tumakinsu ɓari. Nan kai ya ɗaure. An yarda mutum na iya samun ta in ya ci ɗanyen nama. Amma tunkiya fa? Tunkiya ba ta cin nama. Daga ina take samu?

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. A 1965 wani masani a birnin Gilasgo, Wiliyam Hacisan, ya ciyar da mussa kusun da ke da ƙwayar. Ya ɗebi kashin mussar ya ba wasu kusa lafiyayyu. Sunka kamu. A 1970 masana a Turai da Amurka sunka kammala bayanin. Ƙwayar na iya zama cikin naman kusu, da tsuntsu, da tunkiya, da mutum. Amma cikin hanjin mussa da danginta na daji kaɗai take yin ƙwai. Mussa ta ci kusu mai ƙwayar. Ƙwayayen su fita cikin kashinta, miliyan bisa miliyan. Kashin ya gauraya da ƙasa, ko dusa, ko ruwa. Tunkiya ta ci. Kusu ma ya ci, wata mussa ta cinye shi. Haka abin ke kewayawa.

Bari in ƙara muku wani abin mamaki. A shekara ta 2000 masana na jami'ar Okisfod a Ingila sunka nuna ɓeran da ƙwayar ta shiga ƙwaƙwalwarshi shina daina tsoron warin fitsarin mussa. Wani ma har neman wurin yake. Ke nan ƙwayar ce ke tura shi bakin mussa, don can take son zuwa. Ikon Allah!

Mi take yi ma mutum? Galibi ba komi. Ana ƙiyasin kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, mafi yawansu ba su ma sani ba. Wani ya yi ɗan zazzaɓi da kaluluwa, shi ke nan. Mutum iri biyu ne abin tsoro gare su. Na farko, mace da ta kamu karo na farko tana da ciki. Ƙwayar na iya ratsawa ta kai ga ɗan. Cikin na iya zubewa, ko a haifi yaro da ciwon ido, ko da ƙaton kai mai ruwa. Na biyu, wanda ƙarfin jikinshi ya faɗi, kamar mai ciwon sida da ba shi shan magani. Shi ƙwayar kan farka cikin ƙwaƙwalwarshi.

Ga tumaki da awaki kuwa, hasara ce tsantsa. In tunkiya ta kamu da ƙaramin ciki, cikin ya ɓace, ka ce ba ta ɗauka ba. In ciki ya kai tsakiya, ta yi ɓari, wani lokaci ɗan ya fito a bushe. In ya kusa haihuwa, ta haifi ɗa marar ƙarfi da ba shi iya tsayuwa ya sha nono. Likita kan ga ɗige-ɗige farare bisa mabiyiya. Ka lissafa da kanka kuɗin ragon da ka yi niyyar kai kasuwa da Layya. Sauƙin abin guda ne: tunkiyar da ta kamu sau ɗaya, da wuya wagga ƙwaya ta sake sa ta ɓari.

To, sai mu kashe mussoshi ke nan? Na san wani ya riga ya ɗauko sanda. Ajiye ta, ka ƙarasa karatu.

Binciken ya nuna mussa ba ta zubar da ƙwan nan kullum. Mako ɗaya zuwa uku take yi, lokacin da ta kamu karo na farko. Bayan nan jikinta ya san cutar, da wuya ta sake. Yaushe mussa ke kamuwa karo na farko? Galibi tana ƙarama, lokacin da ta fara farauta. Ke nan tsohuwar mussarka, wadda ta shekara uku tana gadin rumbu, ta riga ta wuce wurin. In ka kore ta, kusu zai yi yawa, ƙananan mussoshi na yawo su cika gidan. Su ne masu zubar da ƙwan. Ka kori mai sauƙi, ka jawo masu haɗari.

A ganina, dabarar da ta fi ita ce gida ya riƙe babbar mussa guda ko biyu, lafiyayyu, maimakon tarin ɗiya kowane lokaci. Cikin mussa wata biyu ne da ƴan kwanaki. Tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, ɗiya wajen huɗu kowane karo. Likitan bisashe na iya fiɗiye muzuru. Aiki ne ƙarami. Muzurun da anka fiɗiye shina rage yawon dare da faɗa, kuma ba shi daina kama kusu.

Abu na biyu da anka gano: ƙwan da ya fita cikin kashi ba shi da haɗari nan take. Sai ya kwana ɗaya zuwa biyar kafin ya nuna. Wanda ke share gidanshi kowace safiya, ya kwashe kashin da tsinken kara ko fasasshen ƙwarya ya zuba cikin salga, ya riga cutar. Shafa bayan mussa ba shi ne ke kawo ta ba. Hannu mai ƙasa da ya tafi baki, shi ne.

Abu na uku: zafin rana da bushewa suna kashe ƙwan. Nan ƙasarmu ta taimake mu. Amma cikin inuwa mai laima shina iya shekara da rai. Ina muke da inuwa mai laima? Gindin randa. Bakin rijiyar da ba ta da marfi. Fadama. Garaken rani na gandun noman Ƙonni, da na albasa wajen Galmi, inda ake ban ruwa kullum, ƙasa kuma laushi gare ta, irin wadda mussa ke son tonawa.

Saboda haka a rufe dusa da ƙwaryar auduga da wake na bisashe cikin buhu ɗaurarre ko tukunya mai marfi. Kada mussa ta haihu cikin harawar da za a ba tumaki masu ciki. A rufe randa. A wanke salati da karoti da shu da ruwa mai tsabta kafin a ci. A wanke hannu da sabuni bayan aikin garka. Mai ciki ta bar ma wani kwasar kashin mussa. Ta ci nama wanda ya dahu har ciki. Tsire ko balangun da cikinshi ke ja ba nata ba ne. Madarar akuya kuma a tafasa ta.

Wani gargaɗi, don kada a ɗora ma mussa laifin da ba nata ba. Ba kowane ɓari ne nata ba. Akwai bakkale. Akwai kuma zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, wanda ake kira zazzaɓin kwarin Rif. A 2016 ya ɓulla nan cikin jiharmu ta Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara. Bisashe sunka yi ta ɓari, mutane kuma sunka mutu. Ido ba shi rarrabe waɗanga cututtuka, sai ɗakin bincike. Don haka duk dabbar da ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mabiyiya da hannu tsirara. A sa hannu cikin leda. In tumaki biyu ko uku sun yi ɓari a jere, a gaya ma likitan bisashe tun abin bai ruɓe ba. Abin da bai ɗauka ba a bizne shi da zurfi, inda kare da mussa ba su tonowa.

MI YA KASHE MUSSAR ABOKINMU?

Mu koma ga magidancin nan na cibiya. Niyyarshi kyakkyawa ce. Rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu.

Hantar mutum tana da wani sinadari da ke narkar da parasitamol ya fita cikin fitsari. Hantar mussa ba ta da isasshenshi. Maganin sai ya zama dafi. Ya ɓata jininta har ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Ƙwaya guda ta babban mutum ta isa ta kashe ta. Kada a ba mussa maganin mutane ko wane iri, sai da izinin likita.

Haka maganin kaska da ƙuma na shanu ko na kare. Wani irinshi, mai sinadarin farmetirin, in an shafa ma mussa sai ta kama makyarkyata da farfaɗiya. Maganin ƙwari na gona ma haka. Mussa da harshe take wanka, duk abin da ya taɓa gashinta cikinta za shi. Maganin kusu kuma kashi biyu yake yi: kusu ya ci ya yi laushi, mussa ta kama shi ba wahala, ita ma ta tafi. Kaji da yara ma ba su tsira ba. Wanda ke da mussa ya zaɓi tarko.

Mu mutanen albasa, ga tamu. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin mussa in ta ci da yawa. Kada a mayar da sauran miya mai albasa abincinta na kullum.

Akwai masu cewa kada a ba mussa abinci, wai yunwa ce ke sa ta farauta. Ban yarda ba, likitoci ma ba su yarda ba. Farauta halinta ne. Ƙosassar mussa ma tana kama kusu. Mai yunwa kuwa sata take koya, ko ta bar gidan. Sai dai tuwo kaɗai ba shi riƙe ta. Akwai wani sinadari, taurin, da ke cikin nama da kifi, babu shi cikin hatsi ko dawa. Jikin kare shina iya ƙera nashi. Na mussa ba shi ƙera isasshe. A 1975 anka gano rashinshi na makantar da mussa. A 1987 likitocin jami'ar Kalifoniya sunka gano shina kumbura mata zuciya. Mussar da ke kama kusu tana samun rabonta. Wadda ta tsufa, ko mai shayarwa, a taimaka mata da kan kifi ko ɗan kayan ciki, amma dafaffe, saboda ƙwayar da munka yi magana. Madara da yawa kan sa babbar mussa zawo. Ruwa mai tsabta ya fi mata, balle da bazara.

SAURAN CUTUTTUKA A TAƘAICE

Wani lokaci ɗiyan mussa duka su mutu cikin ƴan kwanaki, da amai da zawo. Mutane su ce baki ne ko maita. Galibi wani birus ne, wanda likitocin Faransa sunka gano tun 1928. Ba shi kama mutum. Shina daɗewa cikin ƙasa har shekara, don haka kada a kawo sabuwar ƴar mussa ɗakin da wasu sunka mutu. Akwai allurar rigakafinshi, da ta murar mussa mai sa ido ruwa, amma a manyan birane aka fi samun su.

In kun ga gashin mussa ya zube wuri guda, kewayayye kamar kwabo, to makero ne. Wanga shina kama yara. A raba su da ita, a nuna ta ga likita. Tsutsar ciki ma tana da magani mai arha, amma likita ne zai auna shi daidai da nauyin mussar. Na tunkiya ya yi mata yawa.

Ma'aikatar kiwo tana da ofishi a Ƙonni, da Malbaza, da Illela. In za ka kai mussa, kada ka rungume ta bisa babur, za ta yaƙushe ka ta gudu. Kada kuma ka ɗaure ta cikin buhun leda, zafi zai kashe ta kafin ka kai. Sa ta cikin kwando mai marfi ko kwali da ka huhhuda, ka shimfiɗa tsumma ciki, ka tafi da sanyin safe. In wani magani ta ci, ka riƙo kwalbar ko takardarshi ka nuna ma likita.